Kwalayen da Na Huda wa 'Yan Aji Shida

Shekarata ta biyu ke nan da fara aikin koyarwa aka ɗora mini aji shida a wata firamare da ke cikin birnin Zariya, tafiyar minti goma daga Ƙofar Doka. Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ne. A Tukur-Tukur muke zaune ni da maigidana. Shi aikin akawu yake yi a unguwar Kongo, ni kuma kullum da safe bas ta sauke ni a bakin ƙofa, in taka sauran da ƙafa ina gaisawa da masu koko da ƙosai har in isa.

Yara hamsin da 'yan kai gare ni. Littafin kimiyya kuwa guda uku ne a ajin gaba ɗaya, ɗaya ma nawa ne. Da muka iso babin rana da wata da duniyoyin da ke kewaya rana, na zana da'irori a allo, na rubuta sunayen da Turanci, na sa suka yi ta maimaitawa a bayana har suka haddace tsaf. Washegari na tambayi wani yaro inda rana take zuwa idan ta faɗi. Ya miƙe ya ce bayan dutsen Kufena take shiga ta kwana. Babu wanda ya yi dariya, don duk haka suka ɗauka. A nan na gane haddar jiya ba ta taɓa komai a kansu ba.

Sai na tuna 'yan dabarun da aka nuna mana a kwalejin horar da malamai, na fara fitar da su waje. Muka kafa sanda a tsakiyar fili, duk lokacin da aka buga ƙararrawa wani ya ruga ya ajiye dutse a ƙarshen inuwarta. Kafin a tashi duwatsun sun yi layi mai lanƙwasa, yaran suna tsugune suna gardama a kan dalili. Wata rana kuma na shigar da su sito goma-goma, muka rufe ƙofa, na soka tsinke a jikin lemo na ce nan ce Zariya, na haska tocila ina juya lemon a hankali. Da tsinken ya shiga duhu na ji wata murya a bayana ta ce, "Magariba ta yi." Har yau ina jin daɗin wannan maganar.

Mai muryar wata 'yar siririyar yarinya ce, shekararta sha ɗaya, a layin gaba take zama kusa da taga. Ba ta gajiya da tambaya. Ita ce ta taɓa tambayata, in dai da gaske duniya juyawa take, me ya hana ruwan randa zubewa. Mahaifinta ma'aikaci ne a ofishin ƙaramar hukuma, bayan la'asar kuma yana karantar da littattafai a zaurensa. Duk unguwar Malam suke ce masa, kuma ba a jayayya da maganarsa.

Hedimastanmu dattijo ne mai ƙarancin magana, saura kaɗan ya yi ritaya. Yakan zo ya tsaya bakin taga, hannuwa a baya, ya kalle mu ya wuce. Bai taɓa yabawa ba, bai kuma taɓa hanawa ba.

Wata Alhamis a ƙarshen damina na zo da abin da nake ganin ya fi duk na baya. Na tara kwalayen sukari daga wurin mai shayin bakin titi, na yayyanka, na huda kowanne a tsakiya da allura. Da hantsi na fitar da yaran. Na ce kowa ya juya wa rana baya, ya ɗaga kwalinsa sama da kafaɗa, ya riƙe farar takarda a ƙasa da shi. A kan kowace takarda sai ga ɗan haske zagayayye kamar ƙwayar wake. Na ce musu wannan hoton rana ne da kanta, ta sauko kan takarda don mu gan ta ba tare da mun ɗaga kai ba. Ba su yarda ba sai da wani gajimare ya gifta, suka ga hasken ya dushe a kan takardunsu duka a lokaci ɗaya, sannan ya dawo. Daga nan na kai su gindin darbejiya na nuna musu irin waɗannan da'irorin a ƙasa, ɗaruruwa, waɗanda suke takawa kullum ba su lura ba.

Sau uku na gaya musu kada kowa ya kalli rana, ko da ido kawai ko ta cikin hudar. Na sa suka maimaita da ƙarfi. Da aka tashi suka kewaye ni suna roƙo in bar su su tafi da kwalayen gida su nuna wa ƙannensu. Na ji daɗin roƙon. Na ce su tafi da su.

Ranar Litinin ina kiran suna na zo kan na yarinyar nan mai yawan tambaya, shiru. Na sake kira. Wata maƙwabciyarsu da ke layin baya ta miƙe.

"Malama, ba ta da lafiya. Idonta ne ya rufe."

"Ya rufe kamar yaya?"

"Ba ta iya buɗewa tun jiya. An ce rana ta kalla ta cikin kwalin nan."

Na ci gaba da kiran suna don ban san abin da zan yi ba, ina sa alama a layin da ba shi ba. Da na gama na rufe rajistar na tambaye su wa kuma ya leƙa. Da farko babu wanda ya motsa. Na ce ba duka zan yi ba. Hannu huɗu suka tashi a hankali. Na kira su ɗaya bayan ɗaya bakin taga, na dudduba idanunsu, na sa kowa ya rufe ido ɗaya ya karanta abin da ke allo. Duk suka karanta. Amma hakan bai kwantar mini da hankali ba, sai ma ya nuna mini cewa gargaɗin da na yi sau uku bai hana komai ba.

Na bar monita da ajin na tafi ofishin hedimasta. Ya saurare ni har ƙarshe, ya cire tabaransa ya ajiye a kan tebur.

"Kin gaya musu kada su kalla?"

"Sau uku, ranka ya daɗe."

"Kin kuma ba su suka tafi da shi gida."

"E."

Na zaci faɗa zai yi, da ma ya yi da na fi samun sauƙi.

"Ki ce gobe kowa ya dawo da kwalinsa. Sannan in an tashi ki jira ni, mu je gidan tare. Gara su gan mu a ƙofarsu kafin su aiko."

Bayan la'asar muka isa. Mahaifinta yana zaure da ɗalibansa uku, littattafai a buɗe. Da ya gan mu ya sallame su. Aka yi gaisuwa mai tsawo yadda aka saba, an tambayi gajiya, an tambayi iyali, ni kuwa ina durƙushe daga gefe. Babu alamar fushi a fuskarsa, babu kuma fara'a.

"Malama, shiga ki gan ta," ya ce. "Tun jiya take cewa kada a yi miki faɗa, wai kin hana su."

Da zagina ya yi da ban ji zafin da na ji ba.

A tsakar gida na tarar da mahaifiyarta tana tankaɗe, da kakarta zaune a kan tabarma da carbi. Mahaifiyar ta amsa sallamata ta miƙe. Kakar ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke ce mai kwalin?"

"Ni ce, Hajiya."

"Mu dai da muna yara ko mutum aka ce kada ka ƙura wa ido, balle rana. Yanzu kuma a makaranta ake koyarwa."

Mahaifiyar ta ja hannuna zuwa ɗaki. An sassaki labule, ɗakin da duhu. Yarinyar tana kwance da tsumma mai laima a fuska. Da ta ji muryata ta tashi zaune, tsumman ya faɗi. Fatar idanunta ta kumbura suntum, kwantsa ta manne gashin idon sama da na ƙasa, hawaye yana tsattsafowa ta gefe. Na zauna a bakin tabarmar na riƙe hannunta, na ce ta gaya mini yadda aka yi.

Ta ce ranar Asabar da yamma ta nuna wa ƙannenta hoton rana a kan takarda, suka ce ƙarami ne, ba rana ba ce. Ita kuma tana so ta tabbatar ko babbar ma haka take zagayayya. Sai ta kai kwalin idonta.

"Uku kawai na ƙirga na cire, Malama. Sai na yi ta ganin wani kore-kore duk inda na duba, daga baya ya tafi. Da na tashi da safe sai na kasa buɗewa. Kamar an zuba mini yashi."

"Wane ido kika sa?"

"Na dama."

Kakar ta leƙo ta bakin ƙofa ta ce wata maƙwabciya ta kawo shawarar a ɗiga ruwan albasa, wata kuma ta ce ruwan sukari, amma ɗanta ya hana. Na roƙe su don Allah kada a sa komai sai ruwan ɗumi mai tsabta. Mahaifiyar ta ce haka Malam ma ya ce, kuma ya riga ya nemi izini a ofis, gobe Talata ce ranar ganin masu ciwon ido a asibiti.

Da na fito zaure na durƙusa na ce ina neman alfarma a bar ni in bi su.

"Ba dole ba ne, Malama."

"Na sani, Allah ya gafarta Malam. Ba zan iya tsayawa gaban aji ba ne ban ji abin da likita ya ce ba."

Ya dubi hedimasta, hedimasta ya gyaɗa kai. Ya ce to, ƙarfe bakwai a bakin Ƙofar Doka.

Da na koma gida ban iya ɗora tukunya ba. Na zaro tsohon littafina na kwaleji daga ƙasan akwati na nemo shafin da ya yi maganar ido. Layi ɗaya na yi ta karantawa, inda aka ce hasken rana yana iya ƙona can cikin ido, kuma wurin da ya ƙone ba lalle ya warke ba. Maigidana ya dawo daga aiki ya same ni a haka. Na ba shi labari. Ya karɓe littafin daga hannuna ya rufe, ya fita ya sayo mana tuwo a maƙwabta.

"Ki ci abinci," ya ce. "Gobe likita zai duba idon. Wannan littafin bai gan ta ba."

Na ci loma biyu don ya ƙyale ni. A raina na riga na gama shirya takardar barin aiki. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, yarinyar nan da ta fi kowa son ta gani da idonta, ita ce na miƙa wa abin da zai raba ta da idon.

Da safe muka haɗu a bakin ƙofa muka shiga tasi. An rufe wa yarinyar fuska da mayafi, mahaifiyarta tana riƙe da ita. Direban ya yi ta ƙorafin ramukan titi har muka isa. A asibiti muka tarar da benci-benci cike da mutane, wasu da baƙin tabarau, wasu sun dafe ido da hankici, har da wani ɗan sanda da kakinsa. Na gan su sarai, amma hankalina bai kai ga komai ba. Kusan awa uku muka yi a layi. Mahaifinta yana tsaye jikin ginshiƙi yana jan carbi, ya ƙi zama ko da wuri ya samu.

Da aka kira mu, wata nas ta zaunar da ita ta ɗauko auduga da ruwan wanke ido. A hankali ta yi ta jiƙa kwantsar tana sharewa, tana yi mata hira kamar ba komai. Can ta ce ta gwada buɗewa. Yarinyar ta yi ta ƙifta ido, ta buɗe kaɗan, ta rufe, ta sake buɗewa. Idanun jajur kamar garwashi. Ta juya kai tana dubawa.

"Ga Baba can. Ga Malama, ta sa koren mayafi."

Na ji mahaifiyarta ta sauke numfashi. Ni kam ban yarda na saki jiki ba tukuna, don na karanta cewa mutum yana iya ganin gefe-gefe alhali tsakiyar ganinsa ta tafi.

Likitan mutum ne mai matsakaitan shekaru, yana Hausa yana haɗawa da Turanci. Mahaifinta ya ba shi labari a taƙaice, bai ambace ni ba. Likitan ya tambaye ta wane ido ta sa a hudar, ta ce na dama.

"Amma duka biyun ne suka kumbura," ya ce.

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Jiya da kaina na yi mata wannan tambayar, na ji amsar, ina kallon idanu biyu a kumbure, amma tsoro bai bar ni na haɗa su ba.

Ya sa aka rufe mata idon hagu, ya nuna mata allon haruffa a bango. Ta karanta manyan, ta sauko, ta sauko, tana share hawaye tana ci gaba, har layin da ni kaina sai na matsa nake gani. Aka rufe na dama ta sake yin haka. Ya ɗiga mata wani magani ya ce mu jira rabin awa a waje. Da muka dawo ya kashe fitilar ɗakin, ya ɗauko wata 'yar na'ura mai haske ya matso dab da fuskarta, ya daɗe yana leƙa idon dama. Ina jin ƙarar agogon bangon. Sannan ya kunna fitila ya koma kujerarsa.

"Afolo ne, ciwon idon nan da ake ɗauka," ya ce. "Kun ga mutanen da ke kan benci? Tun makon jiya haka muke fama. Rana ba ta kumbura ido, ba ta kawo kwantsa. In za ta yi ɓarna can ciki take yi, shiru, ko zafi babu. Na duba cikin, ban ga komai ba. Kwana biyar zuwa mako za ta warware. Ku dawo da ita bayan mako biyu in sake dubawa don mu tabbatar."

Mahaifinta ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa, ya sake. Likitan yana rubuta magani ya ɗago ya dube ni.

"Ke ce malamar?"

"Ni ce, likita."

"Ta yi sa'a, da yamma ne kuma ba ta daɗe ba. Wani yaron zai ƙirga ashirin don ya nuna shi jarumi ne. Yaro in ya ga huda ido zai kai, ko me kika gaya masa. Ki ci gaba da koya musu, abu ne mai kyau. Amma duk abin da za a iya leƙawa, a hannunki zai kwana."

Na ce na gode. Ban san yadda na fito daga ɗakin ba. Na dai tsinci kaina zaune a kan dakalin baranda, ina kuka kamar yarinya, mutane suna wucewa suna kallona, wata tsohuwa har ta tsaya ta ce in yi haƙuri, ta zaci rasuwa aka yi mini. Mahaifiyar yarinyar ta zo ta zauna kusa da ni, ta miƙo mini hankicin da ke hannunta. Na karɓa na share fuska. Hankicin da take goge wa 'yarta ido ne tun safe, amma daga ni har ita babu wanda ya tuna.

Mahaifinta ya dawo daga karɓar magani ya tsaya nesa kaɗan.

"Malama, in na ce miki raina bai ɓaci ba, na yi ƙarya. Kwana biyu ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Allah ya rufa mana asiri gaba ɗaya. Ki tashi mu tafi."

Washegari yaran suka dawo da kwalayen, na tara su bayan sito na cinna musu ashana. Zuwa Alhamis yara fiye da goma ba su zo ba, duk ciwon ido. Ranar Juma'a ni ma na tashi idanuna a manne. Mako guda na yi a gida da baƙin tabaran maigidana, kuma ban taɓa yin ciwon da na karɓa da farin ciki irin wannan ba. Duk zafin da idon ya yi mini, sai in tuna abin da yake nufi in ji sanyi a raina.

A unguwa dai maganar ba ta mutu nan da nan ba. Wasu iyaye mata sun ci gaba da cewa kwalin Malama ne ya jawo wa yara. Abin da ya kashe maganar shi ne da kakar yarinyar ta kamu ita ma, ita da ko zaure ba ta cika fitowa ba. Ina kwance aka yi sallama, sai ga yaran gidansu da kwanon dambu, wai Hajiya ta ce a gaishe ni da jiki, ita ma tana nan tana fama. Bayan mako biyu aka mayar da yarinyar asibiti, likita ya sake dubawa ya ce lafiya lau.

Na koma aiki, amma na koma wa alli da allo. Ko filin makaranta ban ƙara fitar da su ba. In na ɗauki wani abu da niyyar nuna musu, sai in fara lissafin ta inda zai cutar da wani, in mayar in ajiye. Kusan wata guda muka yi a haka, suna maimaitawa a bayana, ni ma ina jin muryata ba daɗi.

Wata safiya hedimasta ya aiko in zo ofis. Na tarar da mahaifin yarinyar zaune. Na zaci idon ne ya dawo.

"Lafiya lau, Malama," ya ce tun kafin in tambaya. "Ƙara aka kawo mini. An ce kin daina fitar da su."

Na sunkuyar da kai na ce tsoro nake ji.

"Tsoron yana da kyau, ki riƙe shi. Amma mahaifina da ƙafarsa yake auna inuwa ya san azahar ta yi, kuma a tsakar gida ya koya mini, ba a zaune ba. Me ya rage a babin?"

Na ce saura nisan da ke tsakanin duniyoyin. Na yi niyyar mu auna shi da taku a kan hanya, amma yana bukatar doguwar tafiya a bakin titi, ni kaɗai ba zan iya da yara hamsin ba. Ya tambayi ko akwai kallon sama a ciki. Na ce babu, duk ƙasa za a duba. Ya ce to ranar Laraba zai zo, hedimasta kuma ya ce zai ba ni malamai biyu.

Ranar Laraba na zo da kabewa babba, muka ɗora ta a kan kujera a ƙofar makaranta, na ce ita ce rana. Na buɗe ƙullin da ke hannuna na nuna musu sauran: ƙwayar yashi, ƙwayar gero, goro, gyaɗa. Da na ɗaga ƙwayar geron na ce ga duniyarmu, da Zariya da Makka da teku duk a kanta, sai suka fashe da dariya. Muka fara tafiya muna ƙirga taku da ƙarfi. A taku sha biyar muka ajiye ta farko. Na faɗi sunanta da Turanci, Malam daga bayana ya ce, "Uɗaridu." Na juya. Ya ce haka take a littattafansu. Daga nan duk wadda na faɗa sai ya ba da nata sunan, yaran su maimaita duka biyun: Zuhura, Mirrihu. A taku arba'in na miƙa wa 'yarsa ƙwayar geron. Ta ɗora ta a tafin hannu, ta juya ta dubi kabewar can a kan kujera, ta sake duban ƙwayar.

Goron sai da muka yi taku ɗari biyu kafin mu ajiye shi, Malam ya ce Mushtari. Masu shaguna suka fara fitowa suna tambayar ko lafiya, wani mai gyaran keke ya bar aikinsa ya biyo mu. Da muka kusa ninka wannan tafiyar muka ajiye ta gaba, ya ce Zuhalu. Sannan ya tsaya.

"Nan littattafanmu suka tsaya, Malama. Daga nan ke za ki ja mu."

Muka ci gaba. Yaran sun gaji da ƙirga, malaman biyu suka karɓa. Kabewar ta daɗe da ɓacewa. Ta ƙarshe, cikin tara da littafi ya lissafa a lokacin, sai da muka fita bayan Ƙofar Doka sannan muka ajiye ta a gefen hanya, 'yar ƙwayar da in ta faɗi ƙasa babu mai sake ganinta. Malam ya juya ya dubi hanyar da muka biyo.

"Duk tsakanin nan babu komai?"

"Kusan babu komai, Allah ya gafarta Malam."

Ya ce subhanallahi a hankali. Ya duba agogonsa, ya ce ya makara, ya tsayar da bas ya wuce ofis. Mu kuma muka jera yaran biyu-biyu, na ƙirga su sau biyu, muka kamo hanyar makaranta. Da muka iso hedimasta yana zaune kusa da kabewar yana kore mata awaki. Ya tambaye ni ko an gama da ita. Na ce an gama. Ya ce to a kai masa ofis, gobe miyar taushe za a yi a gidansa.